Rahoton Ayyukan Shekara: Daga Bakin Kogin Gaya Zuwa Kasuwar Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaba, iyayen ƙungiya, ƴan uwa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar aiki. Kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada, ga bayanin abin da aka yi da sunanku da kuma kuɗinku. Lissafin shiga da fita yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi ranar taro. Nawa a matsayin sakatare shi ne in faɗi inda ƙafa ta taka, da inda ta kasa takawa.

Waɗanda suka halarci babban taron bara ba su manta da gardamar da aka yi ba lokacin da aka kawo shawarar ayu ya zama jigon aikinmu na shekara. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya miƙe ya ce, "Ku da gulbinku ba ya kai rani da ruwa, ina ruwanku da ayu?" Aka yi dariya, amma maganarsa tana kan hanya. Gulbin Maraɗi sai da damina yake gudu. Tafkin Madarumfa akwai kifi, akwai tsuntsaye, babu ayu. Wasu suka ce a koma kan raƙuman dawa takwas da aka kwaso daga yankin Kure zuwa gandun Gadabeji a 2018, tunda su a jiharmu suke. Ana cikin haka wata malama daga cikin iyayenmu mata ta buɗe jaka, ta fito da ƴar kwalba ta dire a kan tebur. Ta ce man ayu ne, da safiyar nan ta saye shi a kasuwa, ko tambaya ba ta sha yi ba. Daga nan gardama ta mutu, aka kaɗa ƙuri'a.

Tafiyar Gaya

A hutun makarantu na ƙarshen Disamba tawagarmu ta kama hanya: Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan muka karya kudu zuwa Gaya, fiye da kilomita 600. Mun so a ce gandun dajin W muka shiga, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya tun 1996, amma halin tsaro bai bari ba, kuma kwamiti ya yanke cewa ba za a kai kowa inda ba za a iya dawo da shi ba. Jami'an kula da daji da ruwaye suka haɗa mu da wani Sarkin Ruwa a wani ƙauyen masunta. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, don wannan rahoto yana yawo a waya, kuma ba duk mai karanta shi ke son ayu da rai ba.

Lokacin kogi ya cika da abin da masunta ke kira baƙin ruwa, wato ruwan saman tsaunukan Gini da ke ɗaukar watanni a hanya kafin ya iso ƙasarmu cikin hunturu. Burgu ya tashi kore shar a kan ruwa, kuma shi ne babban abincin ayu a wannan yanki.

Tun daren farko Baba Sarkin Ruwa ya rage mana zumuɗi. Ya ce, "Ƴaƴana, in hoto kuka zo ɗauka, ku ɗauki na jirgina. Ayu ba a ganinsa, jin sa ake yi." Mun zaci zolaya ce. Kwana uku muna fita kafin kiran asalatu, cikin kwale-kwale marar inji, ba magana, ba tari, ba fitila, sanyin kogi yana ratsa bargo. Abin da muka fara koya shi ne karatun alama. Ya nuna mana inda aka datse kan burgu, ya ce saniya ba ta iso nan ba, ɗan yankan ciyawa kuma lauje yake sawa, wannan leɓen ayu ne. Ya nuna mana kashinsa yana yawo a kan ruwa, dunƙule-dunƙule kamar na jaki. Ya nuna wani lumshin ruwa mai zagaye da ke fitowa idan dabbar ta kaɗa wutsiya a ƙasa. Mu da muka zo da na'urar hangen nesa, sai ga shi mai ido biyu da filafili ne malaminmu.

A safiya ta uku, gari ya fara wayewa, muka ji wani huci a gefen dama, kamar mutum ya daɗe da nutso ya taso. Yaron da ke tuƙi ya tsai da filafili cak. Can sai ga hanci, ƙofofi biyu baƙaƙe, sun buɗe, sun rufe, sun nutse. Muka zauna kamar an dasa mu. Bayan ƴan mintoci hancin ya sake fitowa gaba kaɗan, wannan karon har da wani yanki na gadon baya mai launin toka, kuma kusa da shi wani ƙaramin hanci. Uwa ce da ɗanta. Iyakar abin da muka gani ke nan, kuma duka bai kai a ce an ƙirga goma ba. Hoton da aka ɗauka kun gan shi a zauren WhatsApp. Na san wasu sun ce kututture ne. Ni ina cikin jirgin, kuma har yanzu in na tuna hucin nan tsigar jikina takan tashi.

Ga waɗanda ba su samu zaman bitar da muka yi bayan dawowa ba, ga taƙaitaccen bayanin dabbar. Ayu ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake rayuwa daga haihuwa har mutuwa. Iska yake shaƙa da huhu, shi ya sa yake tasowa duk bayan ƴan mintoci, amma in yana hutawa yakan kai kusan minti 20 a ƙasa. Macen tana shayarwa, nonuwanta suna hammata, ƙarƙashin hannuwan iyo. Wutsiyarsa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Babba yakan kai mita 3 ko fiye, nauyinsa ɗaruruwan kilo, kuma yakan ci ciyawar da ta haura kilo 20 a yini. Masana sun ce a cikin dabbobin tudu giwa ce danginsa na kusa. Haƙoransa ma abin mamaki ne: turame kaɗai gare shi, na gaba suna cinyewa su zube, sababbi suna turowa daga baya, haka har ƙarshen rayuwarsa. Irin namu na Afirka, wanda masana ke kira Trichechus senegalensis, ana samunsa a ƙasashe 21 daga Senegal zuwa Angola.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne haihuwarsa. Cikin ayu yana ɗaukar kimanin shekara guda, ɗa ɗaya take haifa, kuma ɗan yakan bi ta har kusan shekara biyu. Ku kwatanta da akuyar gidanku mai tagwaye. Duk wanda ya soke uwar da muka gani, rai biyu ya kashe, kuma kafin kogi ya mayar da gurbinsu an daɗe.

Abin da masunta suka faɗa mana

Da yamma muka riƙa zama da masunta a bakin ruwa, kuma ba su ɓoye mana komai ba, har abin da ba mu so ji ba.

Na farko dai farauta. Dattawan Sarkawa sun ce a da kamun ayu ba aikin kowa ba ne. Sai wanda ya gada, sai an nemi izini, sai an yi shiri, kuma naman rabawa ake yi a gari. Maharbi yakan kafa ɗan dandamali a inda ayu ke kiwo, ya kwana da mashi yana jira. Yanzu, in ji su, kuɗi ya shiga tsakani. Nama a sayar, fata a sayar, ƙashi a sayar, amma kitsen shi ne dukiyar, kuma dillalai sukan bar lambar waya tun kafin a kama. Wani matashi ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa ayu ɗaya ya fi masa sun wata da watanni. Ba mu da amsar da za mu ba shi a wurin, kuma bai kamata mu yi kamar muna da ita ba.

Na biyu raga. Wanda ba ya nufin ayu ma yakan same shi a kalli ko a taru, ya sarƙe, ya kasa tasowa shan iska, ya mutu. Ragar roba ta yanzu ba ta ruɓewa, ko an yar da ita tana ci gaba da kamu. Su kuma masunta suna da nasu ƙorafin: ayu yana yaga raga, yana tsotse kifin da ya kamu, yana shiga gonar shinkafa idan ruwa ya hau. Na ɗauka sharri ne ake yi wa mai cin ciyawa, sai da na bincika na tarar masu nazari ma sun tabbatar ayun Afirka yakan ci kifi da dodon koɗi. To mutumin da aka yaga wa ragar da ya ci bashi ya saya, wa'azi kaɗai ba ya isarsa.

Na uku shi ne kogin kansa. Yashi yana cike shi, guraben zurfi da ayu ke fakewa cikin bazara suna raguwa. Idan ruwa ya janye da sauri, sai a wayi gari dabba ta maƙale a kududdufin da ya yanke daga uwar kogi, kowa na ganinta. Manyanmu sun tuna 1985, shekarar da kogin Neja ya daina gudu a Yamai. Burgu kuma ana yanke shi a kai kasuwa don dabbobi, ana nome wurinsa a sa shinkafa. Ga jiragen inji da farfelarsu. Ga madatsun ruwa: ta Kainji a Nijeriya, da aka gama a 1968, ta raba ayun sama da na ƙasa. Ta Kandaji da aka fara ginawa a jihar Tilaberi an ce za ta riƙe ruwa don kada kogi ya ƙafe da rani, wanda in ya tabbata alheri ne ga ayu, sai dai ita ma katanga ce a hanyarsa. Mu mutanen Maraɗi mun san abin da madatsa ke yi wa na ƙasa da ita. A tambayi masu lambun gulbi labarin madatsar Jibiya ta Nijeriya.

Doka kuwa akwai ta. Dokar farauta da kare namun daji ta ƙasarmu, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta sa ayu cikin dabbobin da aka hana taɓawa ɗungum. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa shi cikin masu fuskantar barazana. A taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Bankok cikin Maris 2013 an mayar da shi rukuni na ɗaya, ma'ana cinikinsa ko na wani sashe na jikinsa tsakanin ƙasashe haramtacce ne. Da muka karanta wa masunta wannan, wani tsoho ya ce sun sani, amma takarda ba ta iyo.

Kasuwarmu

A ganina wannan ne aikin da ya fi kowane nauyi a bana, ko da yake ba shi da hoto mai kyau.

Iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata ne suka ɗauke shi, don kowa ya san inda man ayu ya fi tafiya: cikin kayan mata, cikin haɗin amare, sai kuma wajen masu maganin sanyi da ciwon gaɓoɓi. Namiji in ya je yana tambaya, ko a yi masa dariya ko a ɗauke shi ɗan rahoto. Suka bi rumfuna da gidajen dillalai, suka shiga zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook inda ake talla, ba da sunan kame ba, da sunan hira.

Abin da suka dawo da shi ya ba mu mamaki ta fuska biyu. Yawancin masu sayarwa ba su taɓa ganin ayu ba, ko a hoto. Wata ta ce kifi ne babba, wata ta ce tsuntsun ruwa ne, wata ta ce ai tatsar man ake yi a sake shi. Da aka nuna wa wata Hajiya bidiyon uwa tana shayar da ɗanta, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƴar nan, ashe mai nono ce?" Ta fuska ta biyu kuma, su kansu dillalan sun ce mafi yawan abin da ke yawo jabu ne, kitsen wata dabba ko man kanti da aka sa wa ƙamshi. Wani zai ce to ai shi ke nan, ayu ya huta. Bai huta ba. Jabun shi ke raya sunan, shi ke sa amarya ta ce sai an sa mata, kuma cikin masu saye goma in aka samu mai kuɗi ɗaya da ta ce ita sai na asali ko nawa ne, wayar da za a buga ƙarshenta bakin kogi ne. Mai sayen jabu an cuce ta, mai sayen na gaske ta sa an yi kisa.

Wata ungozoma daga cikin membobinmu ta ƙara da nata gargaɗin, cewa kitsen da ba a san asalinsa ba, ba a san yadda aka adana shi ba, bai kamata mace ta kai shi jikinta ba. Mun lura wannan maganar ta fi shiga kunnen mata fiye da zancen doka.

An kuma yi mana tambayar addini, har sau da yawa: ai dabbar ruwa halal ce a mazhabarmu ta Malikiyya. Mun kai maganar wajen malamai, ba mu yi wa kanmu fatawa ba. Amsar da muka samu ita ce halaccin nama daban, ƙarar da halitta daga doron ƙasa daban, kuma sayar da kitsen wani abu da sunan ayu algus ne ko ta ina aka duba. Wani limami ya taɓo batun a karatunsa na bayan magariba, muna godiya.

Ba zan ce mun rufe kasuwar man ayu ba. Kaɗan daga cikin dillalan sun yi alkawarin daina saro shi, ɗaya ta cire tallarsa daga shafinta a gaban membobinmu. Wasu sun ce sai mun kawo musu abin da za su sayar a madadinsa. Wata ta kore mu.

Makarantu da rediyo

Mun zagaya makarantun firamare da na sakandare a cikin gari da Tibiri da Madarumfa. Darasin da ya fi kama yara shi ne labarin wani ƙaton ɗan uwan ayu da ya rayu a tekun Berin mai sanyi, tsakanin Rasha da Alaska. Turawa sun fara ganinsa a 1741, zuwa 1768 an cinye shi kakaf. Shekara 27. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai babana ya girmi haka." Mun kuma ba su labarin jihar Fulorida ta Amurka, inda kimanin ayu 1,100 suka mutu a 2021 kaɗai, da yawansu saboda yunwa bayan gurɓatar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci. Mun kawo wannan ne don yara su gane ko inda ake da kuɗi da likitocin dabbobi, in abinci ya ƙare dabba ba ta zama. Sai dai mun ja hankalin masu gabatarwa su daina cika darasi da hotunan Fulorida, inda ruwa garau yake mutane na iyo kusa da dabbar. Yaro zai ɗauka ayu na Turawa ne. Namu a ruwa mai duhu yake, kuma tsoron mutum ya koya masa kiwon dare.

An yi shiri biyu a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Na biyun, wanda mata suka gabatar, ya fi samun kiran waya nesa ba kusa ba.

Sauran ayyuka, da inda muka gaza

Ranar 3 ga Agusta mun yi dashen itatuwa kamar kullum. Na makarantar da ke da katanga sun kama. Na bakin hanya awaki sun gama da su, kuma laifinmu ne da muka dasa ba tare da kariya ba. Fitar kallon tsuntsaye a tafkin Madarumfa ta yiwu sau ɗaya maimakon biyu.

Allunan faɗakarwa da muka ba wani mai ɗab'i sun dawo da hoton wata dabbar teku mai dogayen haure a maimakon ayu. Ni na sa hannu a kan samfurin ban duba da kyau ba, don haka ni ne da alhakin asarar, kuma na nemi afuwar kwamiti. Alkawarin da muka yi wa masuntan Gaya na taimaka musu da zaren gyaran raga har yau ba mu cika ba, saboda kuɗin wata-wata ba ya shigowa yadda ya kamata. Baba Sarkin Ruwa ya bugo waya sau biyu. Karo na biyu bai tambayi zare ba, gaisuwa kawai ya yi, wanda ya fi tambayar ciwo.

Abin da kwamiti ke kawowa gabanku

Kwamiti yana neman amincewarku a kan cewa kuɗin farko da ya shigo asusu a sabuwar shekara na zaren raga ne, kafin komai. Yana kuma ba da shawarar kada a sake tafiya Gaya da tawaga mai yawa. A tura mutum biyu cikin bazara, lokacin da ruwa ke janyewa kuma ayu ya fi shiga haɗari, sauran kuɗin motar a ba reshen mata su ci gaba da aikin kasuwa, har da zama da masu gyaran amare, waɗanda bana ba a kai gare su ba. Akwai kuma batun rubuta wa hukumar kula da daji ta jiha takarda a kan tallar da ake yi a intanet. A nan kwamiti ya rabu biyu: wasu na ganin in aka sa hukuma, ƙofofin da aka buɗe wa matanmu za su rufe. Mun bar wa babban taro ya yanke.

Za a yi taron ranar Asabar ta farkon wata, bayan la'asar, a inda aka saba. Masu bashin kuɗin wata su zo da shi. Kwalbar da malama ta dire a kan tebur bara tana nan a akwatin ƙungiya, ba a buɗe ta ba. Duk wanda ya san wani a jami'a ko a ɗakin gwaji da zai iya duba mana ko kitsen mene ne a ciki, ya same ni kafin ranar.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya
Maraɗi